Laftof ɗina na mutuwa da kanta, ku ba ni shawara

Ummi: Assalamu alaikum 'yan zaure, don Allah ku taimaka. Laftof ɗina HP EliteBook ce, ina cikin rubuta furojet sai kawai ta ɗauke ɗif ba wani gargaɗi, in na kunna ta tashi lafiya lau, can anjima ta sake mutuwa. Ina Kalgo kuma malamina na jiran babi na uku

Baban Sadiƙ: Wa alaikumus salam. Ƙanwata kafin komai ki tura wa kanki furojet ɗin nan ta Gmail ko ki zuba a filash yanzu yanzu, gyara ya biyo baya. Sannan ki faɗa muna, in za ta mutu gindinta na yin zafi? fanka na ƙara?

Ummi: Sosai yaya, ba ta ma ɗoruwa bisa cinya, fankar kuwa ba ta hutawa

Nafi'u: A yi mata sabon Windows kawai, bairos ne

Injiniya: Haba Nafi'u, kada ka sa ta goge kayanta a banza. Zafi ne wannan. Firosesa, wato ƙwaƙwalwar laftof ɗin, in ya doshi digiri 100 da kanshi yake yanke wuta don kar ya ƙone. Ƙurar hunturun da munka sha duk tana ciki, taruwa take tsakanin fanka da 'yan haƙoran ƙarfen da iska ke fita, in ka buɗe za ka tarar ta dunƙule kamar auduga ta toshe hanya, fanka na ta juyawa amma iska ba ya fita, ga shi yanzu Afrilu Birnin Kebbi na haura 40 da rana. Ummi ki sauke Core Temp, manhajar da ke nuna zafin firosesa, kyauta ne, ki bar shi buɗe kina aiki ki ga lambar da take kaiwa

Maman Hanifa: Ni dai tawa ba zafi ba ne, batir ne. Yana nuna kashi 40 da an ɗauke wuta sai ta mutu nan take. Har wajen da ake shafawa da yatsa ya ɗago sama, ashe batirin ne ya kumbura. Ɗiyata ki duba naki, in ya kumbura kada ki sake sa caji, yana iya kama wuta

Baban Sadiƙ: Gaskiyar Hajiya. Ki buɗe cmd, baƙin allon nan na Windows da ake rubuta umarni, ki rubuta powercfg /batteryreport zai nuna maki ƙarfin batirin na asali da abin da ya rage mai. Caja ma abin dubawa ce, waɗannan masu arha marasa nauyi da an tada janareto sai su riƙa yankewa

Nafi'u: To in ba wannan ba wancan fa?

Injiniya: Sai a gwada a BIOS, shafin saitin laftof da ake shiga kafin Windows ya tashi. Tana kunnawa ta riƙa danna F10, ta bar ta nan. In ta mutu a can to Windows ba shi da laifi. F2 kuma na kai ka wajen gwajin RAM, wato memorin laftof, da batir na HP

Ummi: Na sauke, Chrome da Word kaɗai na buɗe ta kai 96

Injiniya: Shi ke nan. Ki kai ta shagon gyara cikin gari, ki ce a buɗe a share fanka a goge tsohon man da ke kan firosesa a sa sabon tamal fes, ɗan ɗigo ya isa. In za su hura iska su riƙe fankar kada ta yi ta juyawa. Kuma ki tsaya a yi gabanki, ki duba RAM ɗinki nawa ne tun daga gida don kada a canza maki shi

Maman Hanifa: Kuma a daina aza ta bisa katifa ko darduma, ramukan shan iskanta a ƙasa suke

Ummi: Na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri. Yau da dare fa zan iya ci gaba da rubutu?

Injiniya: Bisa tebur, ki ɗaga bayanta da littafi, ki juyo mata fankar ɗaki, ki riƙa danna Ctrl da S akai akai don adana aikinki. Da ta wuce 90 ki kashe ta huce