Babur yana shaƙewa idan na murza totur

Assalamu alaikum. Tsohon babur mai cc 125 nake farfaɗowa da ɗan abin hannuna. Na cire akwatin iyakilina (mai tace iskar da ke shiga inji) na sa ƙaramar matatar iska, na yanke salansa don ya yi kyau. Tun daga nan yana tashi lafiya, silo (aikin inji ba tare da an murza totur ba) ma daidai, amma da na murza totur ya wuce rabi sai ya shaƙe, ya riƙa tari ta kafireto. Idan na ja cok yana ɗan warwarewa.

Na wanke kafireto, na canza fulogi, na duba tiyon mai, duk a banza. Bakin sabon fulogin ya yi fari fat, injin kuma yana saurin zafi.

Jet (ɗan bututun da mai ke bi a cikin kafireto) mai faɗin rami fiye da na yanzu zan sa, ko dole sai na mayar da akwatin?