Inshorar lafiya ta jiha ko mu ci gaba da kyamis? Ina neman shawara kan Baba

Ummu Khalil: Assalamu alaikum 'yan uwa. Mahaifinmu tsohon malamin firamare ne a Kano, ya haura 70, ga hawan jini ga ciwon suga. Yayanmu ya dage a yi masa rajista a hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiha, KSCHMA. Ni tsorona mu biya, sannan mu koma kyamis muna sayen magani. Wanda ya sa tsohonsa a ciki, don Allah ana ba da maganin suga?

Ɗan Gwale: Allah ya ba Baba lafiya. Ki riƙa dafa masa zogale, a rage masa tuwon shinkafa.

Maman Ikilima: Naira 12,000 na biya wa Hajiyarmu na shekara. Ana auna ta duk wata, kuma muna samun maganin hawan jini. Na suga ban tambaya ba.

Bakatsine: Wane 12,000? Maƙwabcina 15,000 ya biya.

Malam Nas: Kowace jiha da hukumarta da farashinta. Akwai kuma asusun kula da lafiya a matakin farko, BHCPF, da dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta kafa, wanda tsofaffi marasa ƙarfi ke shiga kyauta. Ki je asibitin sha-ka-tafi na mazaɓarku ki tambayi mai kula da rajistar.

Baban Sadik: Ku dai yi ta lissafi. Mahaifina shekara 35 ya yi yana aikin gwamnati a jiharmu. Da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da shi, aka ce sai ya zo tantancewar 'yan fansho da ƙafarsa. A bayan a-daidaita-sahu muka shimfiɗa masa katifa, ƙanena yana riƙe da kansa. Tun safe muna ƙarƙashin dalbejiya har la'asar, sannan aka ce na'ura ta ƙi karɓar yatsansa. Aka tsayar da fanshonsa. Ya rasu bai ga garatutinsa ba, har yau mahaifiyata na ajiye da fayil ɗin a ƙarƙashin gado.

Maman Ikilima: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙan sa, Yaya.

Baban Sadik: Amin. Shi ya sa in na ji ma'aikaci na cewa "je ki tambaya" raina ke ɓaci.

Malam Nas: Haba Yallaɓai, fansho daban, inshora daban. Ni a ciki nake aiki, na san wanda ya amfana.

Bakatsine: To ai shi ya sa ba za mu ɗauki taka ba. Mai kaya ba ya kushe kayansa.

Ɗan Gwale: Ni dai in za a fara biyan tsofaffi alawus kamar 5,000 ɗin da Gwamna Fayemi ya fara a Ekiti a 2011, yau zan daina rina gemu 😂

Hajiya Ta-Annabi: Maganar yatsa ce ta taɓa ni. Matar da ta shekara hamsin tana daka da wanke-wanke, ina zanen yatsa zai rage? Wajen BVN sai da aka shafa wa Innarmu man zafi a babban yatsa, duk da haka ya ƙi. Ga shekarar haihuwarta a NIN ta saɓa da ta banki.

Bakatsine: Gyaran shekara a NIN kuma wani tashin hankalin ne. Nawa aka ce ki kawo?

Ummu Khalil: Na gode duka. To maganin sugan fa, akwai wanda ya karɓa?