Tsarin gane motsi ya rikice bayan an mayar da sensa wuyan hannu

Sadiq_Zariya: Assalamu alaikum. Tsarin CNN ne (wani nau'in tsarin koyon na'ura) da aka horar da bayanan UCI HAR (tarin bayanan motsin ɗan Adam), inda mutum 30 suka ɗaura wayar Samsung Galaxy S II a ƙugu. Yanzu ana so ya yi aiki da sensar motsi MPU-6050 haɗe da ƙaramar kwamfuta ESP32 a wuyan hannu. Yana gane tafiya, amma zama da tsayuwa cakuɗa su yake yi. Ta ina za a fara gyara?

Injiniya_Habu: Wa alaikumus salam. Kafin ka taɓa tsarin, daidaita ma'auni. UCI sau 50 a daƙiƙa suke karanta sensa, kowane yanki karatu 128, wato daƙiƙa 2.56, rabinsa yana hawa kan na gaba. A saitin MPU-6050, saka SMPLRT_DIV (mai tsara saurin karatu) a 19 da DLPF_CFG (matatar hayaniya) a 4, za ka samu 50Hz (sau 50 a daƙiƙa) da tacewa wajen 20Hz. A zangon ±2g (g shi ne ƙarfin nauyin ƙasa) raba ɗanyen lamba da 16384 ka mayar da ita g. Amma hannu yana wurgi da ƙarfi, 2g kan cika ya yanke ƙololuwar motsi, don haka gara ±8g, ka raba da 4096. Jairosikop (mai auna juyawa) ɗin UCI rad/s ne, wato radiyan a daƙiƙa, naka digiri a daƙiƙa ne, sai ka daidaita su. A nan da yawa ke faɗuwa.

Hajara_K: Gaskiya ne Injiniya, sai dai wannan kaɗai ba zai raba zama da tsayuwa ba. A ƙugu, karkatar jiki tana canja yadda nauyin ƙasa ke faɗa wa sensa, da shi tsarin ya koyi bambanta su. A wuyan hannu wannan alamar ta ɓace: mai zaune da mai tsaye duk suna iya rataye hannu iri ɗaya. Dole a tara sabbin bayanai a hannu, daga mutane da dama, hagu da dama, har da sensa da aka ɗaura a juye. Sannan a kulle matakan farko na CNN, a sake horar da na ƙarshe da ƙaramin saurin koyo.

Sadiq_Zariya: Na gode Malama. Gwajin fa?

Hajara_K: Ka ware mutum guda gaba ɗaya, ka horar da sauran, ka gwada a kansa, haka har kowa ya zagayo. In ka cakuɗa yankuna ka raba su barkatai, rabin da ke hawa kan juna zai shiga ɓangarorin biyu, sakamakon ya kumbura a banza.