Baturen Ingila da ya koma Sikotlan: me ke canza masa?

Ɗan Samaru:
Salamu alaikum. Gardama ta kaure a majalisarmu jiya bayan isha'i. Wani ya dage cewa mutumin Landan da ya koma Gilasgo, wani birni a Sikotlan, kamar wanda ya bar Zariya ne ya koma Kaduna. Masana, haka ne?

Malam na Kongo:
Wa alaikumus salam. Fasfo ɗaya ne, kuɗi ɗaya, amma tun 1999 majalisar dokokin Sikotlan da ke Edinbura ke riƙe da harkar lafiya da ilimi a can. A Ingila mai aiki yana biyan kusan fam 10 kan kowane magani da likita ya rubuta. A Sikotlan kyauta ne tun 2011. Sai dai a albashi ake fanshewa. Harajin kashi 42 cikin ɗari yana farawa ne daga wajen fam 43,000 a shekara, alhali a Ingila kashi 40 ne, kuma sai an haura 50,000. Inda gidanka yake ake dubawa, ba inda ofishinka yake ba. Wanda bai canza adireshi a ofishin haraji ba, yana iya tarar da bashi na jiransa.

Hajiya Tudun Wada:
Malam ya faɗi gaskiya, amma a ganina sayen gida ne ya fi rikita mutanen Ingila da suka koma can. A Sikotlan mai gida ke kawo rahoton lafiyar gini da ƙimarsa. Farashin da aka rubuta yawanci mafari ne: kowa ya miƙa tayinsa a rufe ta hannun lauya kafin ranar da aka yanka. Da zarar lauyoyi sun kammala musayar wasiƙu, magana ta ƙare. Wanda ya saba da Ingila, inda ake iya janyewa har dab da ƙarshe, sai ya yi tayi bai gama da banki ba, ya shiga uku.

Injiniya Sabon Gari:
Ƙari kaɗan, Hajiya. Yara suna komawa makaranta a tsakiyar Agusta, ba Satumba ba, digiri kuma shekara 4 ne maimakon 3. Karatun jami'a kyauta na mazauna ne. Wanda ya zo daga Ingila don karatu kawai zai biya sama da fam 9,000 a shekara. Sannan bankuna uku na Sikotlan suna buga nasu takardun fam, wasu masu shago a Ingila kan juya su, su ƙi karɓa. A kashe su kafin a tsallaka kudu zuwa Ingila.