Wi-Fi ba ya kaiwa ɗakunan sama

Mai Masauki: Salamu alaikum. Masauki ne bene, ɗaki 24, ginin bulo da dakin (rufin kankare). Rauta (na'urar raba intanet) ɗaya ce a ƙasa, baƙin sama kullum ƙorafi suke ba sabis. In ƙara rifita ne, wato na'urar da ke maimaita sigina?

Mai Jan Kebul: Wa alaikumus salam, Alhaji. Bar maganar rifita, mai rediyo ɗaya raba gudun intanet take gida biyu. Rodin da ke cikin dakin ne ke shanye siginar. A ja kebul ɗin intanet na Cat6 daga suwic (akwatin da ke rarraba layukan kebul) mai PoE, wato mai tura wuta ta cikin kebul ɗin, a kafa na'urar watsa Wi-Fi biyu a silin kowane hawa, huɗu ke nan. Kada kebul ya wuce mita 100. A zangon Wi-Fi na 2.4GHz tashoshi 1, 6 da 11 kawai za a sa, faɗi 20MHz, in ba haka ba na'urorin su riƙa danne juna.

Injiniya: Gaskiyar Malam. Amma a kula da kebul ɗin, kasuwa cike take da CCA, wato kebul na alminiyam mai rufin jan ƙarfe. Kankare wayar da reza, in fari ya bayyana, alminiyam ne aka shafa wa jan ƙarfe. Zafi yake yi, na'urar nesa ta riƙa mutuwa tana tashi. Duba irin PoE ɗin suwic kuma: 802.3af wat 15.4 yake bayarwa, 802.3at wat 30. Kada a haɗa bututu ɗaya da wayar wuta.

Mai Jan Kebul: Zangon Wi-Fi na 5GHz ba ya keta bulo sosai, sai an rufe ƙofa a gwada daga cikin ɗakin ƙarshe. A ware wa baƙi VLAN nasu, wato keɓaɓɓen layin sadarwa, nesa da kwamfutar lissafi, suwic da rauta kuwa a ɗora su kan inbata.