Dan Allah ku ba ni shawara, ana zargin ƙanin matata da ɓoye hannu a lig ɗinmu na bolin

Abu Sadik, Ohayo:
Salamu alaikum 'yan uwa. Wallahi kwana biyu ko barcin kirki ba na yi saboda maganar nan. Shekarata huɗu ina buga bolin, wasan gangara ƙwallo a kan layi ta ture kwalabe goma, duk daren Laraba tare da abokan aiki, asali ma ba son wasan nake ba, wani Bature da muke aikin dare tare da shi a sito ne ya yi ta ja na lokacin da na rasa mahaifina ina zaune a gida ba na fita, to daga nan abin ya shiga raina har yanzu ni ne kyaftin na tim ɗinmu. Mu huɗu ne, tim 12 ne a lig ɗin, mako 32 ake yi, kowa yana zuba dala 20 duk mako, wani kaso na hayar layi ne sauran a tara a raba a ƙarshen kaka. Bana mutum ɗaya ya koma Tekzas ana saura kwana shida a fara, na rasa wanda zan sa, sai uwargida ta ce ga ƙaninta nan zaune tun da ya zo bai san kowa ba, na ɗauke shi.

Handikaf ɗinmu kashi 90 ne na 220, wato a cire abarej ɗinka, matsakaicin makin da kake ci a wasa, daga 220 a ba ka kashi 90 na abin da ya rage a matsayin ƙarin maki a kowane wasa. Yaron nan mako huɗu na farko abarej ɗinsa 118, ƙwallon gidan wasan yake ɗauka, rabin jifansa a kwata yake ƙarewa. Sai na saya masa tasa ƙwallon aka huda daidai yatsunsa, daga nan ya koma buga 160 da wani abu. Yanzu wasa 24 ya yi a mako takwas, abarej 141, ana ba shi 71. Makon jiya ya buga 165, da ƙarin ya zama 236, mutumin da suka kara da shi abarej ɗinsa 205 ne, 13 kawai ake ba shi, ya buga 214 mai kyau amma ya faɗi. Nan take ya cire takalmi ya buga a ƙasa ya ce sambagin muke yi, da gangan yaron ya noƙe hannu a farko. Sakatariya ta kira taron kyaftin-kyaftin Laraba mai zuwa. In cire shi ne, in tsaya in kare shi, ko mu bar lig ɗin gaba ɗaya? Mu ne na ɗaya a tebur yanzu.

Baban Hanif, Shikago:
Wa alaikumus salam. Malam Abu Sadik shekara 11 ina wannan wasa, abarej ɗina bai taɓa sauka ƙasa da 200 ba tun da na kama hannu, saboda haka ka saurare ni da kyau. Kafin komai akwai abin da ba ka faɗa ba. Yaron ya taɓa buga bolin kafin ya zo ko bai taɓa ba? Don ƙwallo ba ta ƙara wa ɗan koyo maki 45 a mako ɗaya. Gaskiya ne ƙwallon gida ta roba ce, miƙewa kawai take yi, ita kuwa riyaktif, irin ƙwallon da gwanaye ke amfani da ita, tana kama katako ta lanƙwaso ta shiga tsakanin kwalba ta 1 da ta 3, amma sai hannun da ya san yadda ake sakinta. Ba ni amsar wannan tukuna.

Ɗan Katsina:
Ku yi haƙuri ni daga gida nake, wannan shi ne wanda ake gangara ƙwallo ta ture kwalabe goma? Me ya sa za a ba mutum maki bai buga ba?

Baban Hanif, Shikago:
Shi ne ƙanena. Zagaye goma ne, wanda ya share kwalaben duka sau 12 a jere ya samu 300, babu sama da haka. Ƙarin makin kuwa wai don gwani da ɗan koyo su iya haɗuwa ne, ni dai a wurina ladan rashin iyawa ne kawai.

Abu Sadik, Ohayo:
Yaya Baban Hanif ya ɗan taɓa lokacin da yake karatu a Maleshiya, amma wannan shekara bakwai ke nan fa, kuma ba a lig ba, da abokai ne kawai. Ba wanda ya tambaye ni a ranar rajista, takardar cewa ta yi a rubuta abarej na bara, shi kuma ba shi da shi.

Baban Hanif, Shikago:
To ka gani. Maleshiya ba ƙasar wasa ba ce a bolin, suna da 'yan wasa na duniya. Hannun yana nan, tsatsa ya yi kawai, kuma kai ka sani. Ka cire shi tun kafin taron. USBC, hukumar da ke kula da wasan a Amurka tun 2005 da aka haɗe tsofaffin ƙungiyoyin, tana iya dakatar da mutum idan aka tabbatar da gangan ya riƙe abarej ɗinsa a ƙasa, kuma sunanka ne zai ɓaci ba na yaron ba. Ni an yi min irin wannan a wata gasa, wani ya shigo da 150 ya buga min 230 sau biyu ya kwashe kuɗin, na tuƙa mota awa uku na dawo ko abinci ban iya ci ba. Tun ranar na bar duk wani lig mai handikaf, inda nake yanzu abin da ka ture shi ne naka.

Maman Iman:
Haba Baban Hanif, kai da ka iya shi ya sa kake faɗin haka. Ku yi lissafin mana. Ni abarej ɗina 125. A lig ɗin da na fara kashi 80 na 200 ake yi, ana ba ni 60 na zama 185, ga wata mai 210 ba a ba ta komai amma ta riga ta fi ni da 25 tun ba a jefa ƙwallo ba. Ko a irin na su Abu Sadik ni 210 zan tashi ita 219. In dai kason bai kai ɗari ba gwani ne a sama kullum, amma ranar da muka ci sau ɗaya sai a ce an yi cuta. Shekara biyu ina biyan kuɗina ban taɓa fashi ba, har ranar da ƙanƙara ta rufe hanya na je, ƙarshe tim ɗina suka ajiye ni ta saƙon waya suka ɗauki wata, ko sallama ta kirki babu. Har yau in na wuce ta gaban wurin raina ɓaci yake. Kada ka yi wa yaron nan abin da aka yi min.

Injiniya Kd:
Matsalar ba ta yaron ba ce, ta abarej ce, kullum a baya take tafiya. Wasa 12 na farkon nan suna nan cikin lissafi har ƙarshen kaka, ko ya ci gaba da buga 165 duk mako zai daɗe kafin abarej ta kamo hannunsa. Duk mai ƙaruwa da sauri yana cin wannan ribar ko bai yi niyya ba. Mu a folo, ƙwallon dawaki, nan Kaduna ba haka ake yi ba, kwamiti ne ke kallon wasan mutum ya ba shi matsayi daga -2 zuwa 10, in an ga ya ƙaru a ɗaga shi. Ka je taron da kanka ka ce a ɗaga shi zuwa 160, handikaf ɗinsa ya koma 54, bakin kowa ya mutu.

Baban Hanif, Shikago:
Injiniya wannan ba folo ba ne. In an fara kaka ba a canza dokar lig sai duk kyaftin sun sa hannu a rubuce, ko mutum ɗaya ya ƙi ta rushe. A gasa ne ake da dokar maki goma, in abarej ɗinka ta yanzu ta fi ta bara da 10 ko sama da ita za ka shiga, shi kuwa wannan ba shi da ta bara ma. Cirewa ita ce magana.

Ummu Khalil:
Ni tambayata daban ce, kuɗin da kowa ke zubawa a tara a ba wanda ya ci, kun tambayi malamai kuwa? Ba fatawa nake ba, amma ina jin tsoron kada ya shiga caca. Ga shi kuma galibin wuraren nan ana sayar da giya. Maigidana shi ma haka ya fara da ƙwallon daren Juma'a, yanzu yara sai su yi barci ba su gan shi ba.

Abu Sadik, Ohayo:
Hajiya kowace tim tana samun wani abu a ƙarshe har ta 12, kuma mu shayi muke sha a gefe. Injiniya na gode amma in na ce a ɗaga shi ai kamar na amsa laifi ne, kuma me ya sa sai namu? Akwai wani a tim ta uku da duk wasan da ya ga an riga an ci sai ya riƙa barin kwalba ɗaya a tsaye, kowa na gani ba wanda ya kira taro. Ni abin da kawai na taɓa ce wa yaron, a mako na uku da muka ba su rata mai yawa, na ce ya bi a hankali kada ya ji ciwo a kafaɗa, don da safe yana da aikin ɗaukar kaya.

Baban Hanif, Shikago:
Ka ce masa ya bi a hankali? A gaban wa?

Abu Sadik, Ohayo:
Da Hausa na faɗa, ba wanda ya ji. Kuma kafaɗar nake nufi wallahi. Ku ba ku san halin da yaron nan yake ciki ba, wata biyar yana ɗaki ba ya magana da kowa, yanzu ranar Laraba tun la'asar yake goge ƙwallonsa da tawul ya sa a jaka ya ajiye bakin ƙofa yana jira na. In na cire shi da wane ido zan kalli yayarsa?

Maman Iman:
Kada ka cire shi. Ka buga takardun makinsa na duk mako takwas ka kai musu.

Injiniya Kd:
Takardun nan su ne za su nuna tsallen daga 118 zuwa 164 fa Hajiya. Ni dai ina kan a ɗaga shi.

Abu Sadik, Ohayo:
Yanzu sakatariyar ta turo saƙo wai in zo da shi taron, suna so su ji daga bakinsa ko ya taɓa wasa a wani wuri. Ban ma gaya masa ana maganar ba tukuna. Akwai wanda ya san ko dole ne ya je?