Sun zo za su sa gidanmu a taswirar kwalara, Baba ya hana

Ɗan Duwalare: Salamu alaikum jama'a. Ina unguwar Duwalare a Marwa, arewacin Kamaru. Shekaranjiya ƙanena ya kwanta da amai da gudawa muka kai shi inda aka ware wa masu kwalara, alhamdulillahi ya fara shan kunu da kansa. To yau da safe ma'aikatan lafiya suka zo da waya a hannu wai za su ɗauki GPS ɗin gidanmu su sa a taswira, su duba rijiya da masai. Baba ya ce sam, za a yi mana tambari a unguwa ga bikin yayata ya matso. Gobe za su dawo. Wanda aka taɓa sa gidansa, suna yana fitowa? Me ya biyo baya?

Maman Hafsa: Allah ya ƙara sauƙi ɗana. Tafasasshen ruwa lita 1, sukari ƙaramin cokali 6, gishiri rabin cokali, ya yi ta kurɓa.

Ɗan Duwalare: Na gode Mama amma ai yana asibiti, batun taswirar nake tambaya.

Baba Tela: Taswirar me? A 2010 da cutar nan ta cinye mutane har garin Mokolo ina taswirar take? 'Yata ta fara bayan isha, abin yana zuba kamar ruwan wankin shinkafa, ga ruwan sama, kogin Mayo Kaliyawo ya cika, mai moto yana ganin halin da take ciki ya ja abinsa ya tafi. Na uku ne ya yarda, jaka 2 ya karɓa a tafiyar dala 40. Ƙaramin asibitin kusa da mu mai gadi ya leƙo ta taga ya ce ba nan ake karɓa ba, bai ma san inda ake karɓa ba, muka yi ta yawo ina riƙe da ita a tsakiya idonta ya faɗa ciki, in ka tsunkuli fatar hannunta sai ta tsaya a haka. Da muka isa sun rasa jijiya. Kafin asuba ta cika. Washegari kuwa ga su da mota da feshi, gidan da ba su sani ba da dare sun gane shi da rana. Uwarta ƙosai take yi, har kaka ba mai saye.

Hajiya Kakatare: Innalillahi. Allah ya jiƙanta Baba.

Infirmiye Garwa: Allah ya gafarta mata. Amma Baba abin da ya same ku shi ne amfanin taswirar. In aka ɗora gidajen masu ciwo a kan unguwanni ana ganin inda ya taru, a sa kulorin a rijiyoyin wajen, a raba sabulu da Aquatabs, ƙwayar tsarkake ruwan sha, ga maƙwabta, a ga unguwar da mayo ya raba da asibiti a kafa mata wurin ba da SRO, ruwan gishiri da sukari, a kusa. Da yawa suna ɗauke da ƙwayar ba su sani ba. Inda na yi aiki ɗigo ne da lamba, suna yana cikin rajista. Haka likita John Snow ya yi a Landan a 1854, bin gidajen waɗanda suka mutu ya nuna famfo ɗaya, aka cire masa hannu. Kuma magani kyauta ne.

Sani Moto: Kyauta a ina? Jaka 9 na kashe wa matata, ƙarin ruwa da allura.

Hajiya Kakatare: Ni dala ɗari kawai ta karne, katin asibiti, na biya.

Infirmiye Garwa: Sani kilinik na kuɗi ka je ko tantin kwalara?

Sani Moto: Kai kana Garwa kana ba mu labarin Marwa. Wanda ya binne 'ya ya fi ka sani.

Infirmiye Garwa: Ban raina Baba ba wallahi, amma na kwana a tantin nan ina canja ledar ƙarin ruwa.

Ustaz Domayo: Ku bar gardama. Uban yaro ya ce a'a, maigida ake lallashi ba a tsallake shi. A je da mai unguwa ko liman.

Dogo Njamena: GPS ɗin wayata ina Kusiri yana ce mini ina tsakiyar kogin Logon 😂 Duwalare kuma adireshi ai bayan darbejiya ta uku ne, ku yi hankali kar su fesa gidan ango.

Ɗan Duwalare: Dogo don Allah. Har yanzu ba wanda ya ce mini an sa gidansa.

Hajiya Kakatare: Su Landan sun samu famfon da za a cire wa hannu. Namu tun farkon damina iska yake hurowa amma takardar kuɗi ba ta fashi. Bidon, wato jarkar ruwa, dala 10 yanzu.

Sani Moto: Dala 20 a wajenmu, kuma ka tambayi mai turo ruwan a ina ya ɗebo sai ya ce foraj, wato rijiyar burtsatse, alhali da idona na gan shi yana tono a yashin mayo.

Maman Hafsa: Ku nawa aka rubuto muku wannan watan? Mu jaka 7.